Hancin Hajja

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, agogon hannu ma don ado take ɗaura shi, amma duk unguwar Shehuri an san hancinta. Turaren wuta take haɗawa, wanda mu a gida muke kira ka'aji, tun kafin a haife ni. Mace za ta gifta ta ƙofar ɗakinta, ba tare da ta ɗaga kai ba za ta faɗi turaren da ke jikin matar, da wadda ta haɗa shi, da abin da aka rage a ciki don a ci riba. Hajja kowa ke kiranta, har mu 'ya'yanta. A shekarar da nake ba da labari mura ta zo ta ɗauke mata wannan hancin, ita kuwa ta ɓoye mana har kwana biyar, ta kusa shaƙe mu da hayaƙi kafin mu gane abin da ke faruwa.

Ni na kai mata murar, gara in amsa laifina tun yanzu. Ina koyarwa a wata firamare a unguwar Bolori, kuma duk shekara idan damina ta ɗauke, rana ta koma zafi, asuba ta fara sanyi, ajina ba ka jin komai sai tari da jan majina. Yaro zai zo har gaban teburina ya yi mini atishawa a fuska, sannan ya ce, "Malama, ina kwana." Na yi kwana uku ina fama, na ɗan ji dama, ranar Juma'a na hau keke mai ƙafa uku na je gaida Hajja kamar yadda na saba. Muka ci tuwo a kwano ɗaya. Ranar Litinin matar ƙanena ta kira ni ta ce Hajja tana kwance da zazzaɓi, jikinta duk ciwo, ko shayi ta ƙi sha.

Na tattara 'yan kayana na koma gida jinya. Na ce mata mu je asibiti, ta dube ni kamar na ce mu je gidan rawa.

"Mura ake kaiwa asibiti? A gan ni a kan benci, kafin azahar a ce Hajja ta kwanta ciwon ajali?"

Na san abin da take gudu. Akwai aikin amarya a hannunta, saura kwana goma sha biyu biki. 'Yar wani gida ce da Hajja ta haɗa wa uwar amaryar turaren nata auren, ga shi yanzu an dawo kan 'yar. Itacen ma an riga an jiƙa, kwalabe an wanke an kife a bayan ɗaki. Idan labari ya fita cewa ba ta da lafiya, dangin amarya za su ce kada a wahalar da ita, su kai aikin wani wuri cikin ladabi. Wannan ladabin shi ne Hajja ta fi tsoro, ya fi mata zazzaɓin ciwo.

Yayana da ke Abuja shi ya kawo shawarar likitan waya. Shi mutum ne mai son gyara gida daga kan kujerar ofis. Ya kira ni ya ce yanzu duniya ta ci gaba, akwai manhajar da ake ganin likita ido da ido ba a fita ko zaure ba, ya riga ya yi rajista da sunan Hajja, an ba mu ƙarfe goma na safiyar Laraba, minti goma sha biyar. Ya ce abu ne mai sauƙi, danna nan kawai zan yi, in danna can. Na ce to, tunda ba shi zai riƙe wayar ba, komai mai sauƙi ne.

Da na gaya wa Hajja, tambayarta ta farko ita ce namiji ne ko mace. Na ce mace. Ta ce 'yar gidan waye. Na ce, "Hajja, likita ce, ba aurenta muka je nema ba."

Safiyar Laraba, matar da ta kwana biyu ba ta iya ɗaga kofi, sai ga ta ta miƙe ta yi wanka. Ta sa aka ciro mata laffayarta ta zuwa suna, ta rambaɗa kwalli, ta sa na share ɗakin sau biyu, na canza zanen gado. Sannan ta ce a kawo mata garwashi a kasko.

"Hajja, a cikin waya take. Ba za ta ji ƙamshin ba."

"Baƙo baƙo ne. Ba a taɓa shigo mini ɗaki babu hayaƙi ba, ba kuma za a fara a kan likita ba."

Ɗakin Hajja wuri ɗaya yake da sabis, can jikin taga kusa da akwatunan kwalabe, shi ma sai an ɗaga hannu sama. Haka muka matsar da kujerarta, na tsaya a gefe na riƙe waya kamar mai haska fitila. Sau biyu kiran yana yankewa kafin fuskar likitar ta tsaya. Yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba, da tabarau da ɗan mayafi, Hausarta irin ta mutanen Kano. Ta yi sallama, Hajja ta gyara zama.

"Lale, lale. Wushe. Ya gida? Ya iyali? Ya aiki? Ya haƙuri da jama'a? Iyayenki suna lafiya? Madalla. Ya gajiya?"

Ina kallon agogon da ke saman wayar yana cin mintocinmu. Likitar tana amsawa da murmushi, tana ƙoƙarin shigo da maganarta, Hajja tana sake ɗauko gaisuwar daga tushe. Da ƙyar aka samu gaɓa.

"Mama, me yake damunki?"

"Babu komai sai alheri."

"An ce kina zazzaɓi."

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

"Tari fa?"

"Mun gode Allah."

Raina ya fara tafasa. Na karkato da wayar wajena na ce, "Likita, kwananta uku da zazzaɓi, gaɓoɓinta suna ciwo, hancinta a toshe, tana tari, ba ta cin abinci." Hajja ta miƙo hannu ta ƙarƙashin laffaya ta mintsine ni a cinya, ta ce mini da Kanuri ba a kai ƙarar Allah wajen mutum. Na ce mata ni ma da Kanuri ba ƙara muka kawo ba, magani muka zo nema. Likitar tana kallon bakinmu, ba ta san me ake ciki ba.

Duk da haka ta iya aikinta. Ta tambayi hawan jini da ciwon suga, ta sa na auna zafin jikin Hajja da ma'aunin da na sayo a kemis ɗin wani Inyamuri a Kasuwar Kwastam, ta sa Hajja ta buɗe baki na haska da fitilar wata wayar, ta ƙirga numfashinta tana kallon kafaɗunta. Ta ce murar nan ce da ke yawo a wannan lokacin, ba ta buƙatar allura ko kafso, sai farasitamol da ruwa mai yawa da hutu, a kuma rage 'yan dubiya. Ta ce idan numfashi ya fara yi mata wuya ko zazzaɓin ya ƙi sauka, kada mu tsaya kiran waya, mu tafi asibiti. Daga ƙarshe ta tambayi dalilin da ya sa ba ta cin abinci.

Nan ne kawai Hajja ta ga ya kamata ta kai ƙara. Ta ce, "Abincin ne, 'yata. Miyar ba ta da gishiri, ba ta da daddawa, kamar an dafa ruwa."

Ni na yi miyar. Miyar kuka ce da busasshen kifi, wadda mijina ke lashe kwano a kanta. Na ji haushi har ban lura da cewa ta faɗi ciwonta ba. Likitar ma dariya ta yi, lokaci ya ƙare, fuskarta ta ɓace. Hajja ta ce yarinyar tana da tarbiyya, amma likitan da ba ya allura ai malamin makaranta ne. Ta faɗi haka tana kallona.

Batun rage 'yan dubiya kuwa, wanda ya faɗe shi bai san Shehuri ba. Matar ƙanena ta gaya wa mutum ɗaya kawai cewa Hajja tana ɗan fama da mura, kafin la'asar takalma sun cika ƙofar ɗaki. Kowace da maganinta. Wannan ta ce a dafa citta da kanumfari, waccan ta ce tafarnuwa da zuma, wata ta kawo man shafawa da ta ce daga Makka aka zo mata da shi. Duk na iya jure wannan. Abin da ya gagare ni shi ne kaskon.

A al'adar Hajja, duk baƙuwar da ta shigo sai an sabunta turare. Da yatsu uku take ɗiba, ɗan kaɗan, ta barbaɗa a garwashi, hayaƙin ya tashi siriri ya kwanta a tufafi. Tun ina yarinya nake jin tana cewa mai cika turare ba ta yarda da turarenta ba ne. Sai ga shi yanzu ita ce ke ɗiba da tafin hannu. Ta zuba, ta sunkuya a kan kaskon, ta ja numfashi, ta ɓata fuska, ta ƙara. Ta buɗe wata kwalbar ta zuba a kan na farko. Ɗakin ya turnuƙe har ba ka ganin hoton Ka'aba da ke jikin bango. Matan suna zaune idanunsu suna hawaye, suna danne tari da gefen laffaya, suna cewa, "Masha Allah, Hajja, ƙamshi har bakin titi." Babu wadda za ta iya buɗe baki ta ce wa Hajja turarenta ya yi yawa. Wa ya isa? Ita ta koya wa rabinsu yadda ake riƙe kasko.

Zazzaɓin ya sauka a rana ta biyar, amma tarin ya ƙaru, ya zama irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Gawayin da ke yi mana mako ya ƙare a kwana biyu, na ce in ba ƙira me ya ci gawayi. Sannan ta fara rigima da kayan haɗinta. Ta sa na ɗauko hawin da aka sayo don aikin amarya, wato itacen da ake dafawa da sukari da madarar turare, ta shinshina, ta jefar.

"Wannan itacen girki ne. Mayar masa."

Na hau keke cikin rana na je kasuwa wajen dattijon da ta fi shekara talatin tana sayayya a hannunsa. Na isar da saƙo, kunya kamar in nutse. Ya ɗauki itacen ya kai hanci, ya dube ni, ya canza mini da wani daga buhu ɗaya. Na kawo, ta shinshina, ta ce wannan ya fi na farko lalacewa, zamani ya ɓaci, kowa ya zama maha'inci. Ta sa na koma. A karo na biyu dattijon ya ce, "Ki gaida Hajja, ki ce Allah ya ƙara sauƙi." Yanzu da nake tunawa, ina jin shi ya riga mu ganewa.

Da na dawo na tarar da ɗakin kamar an ƙona bola, tana tsakiyar hayaƙin tana tari har tana riƙe gado. Nan haƙurina ya ƙare. Na yaye labule, na buɗe taga, na ce, "Hajja, turare kike yi ko korar sauro? So kike ki kashe kanki, a ce ni na yi jinyar?" Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta juya fuska bango, har magariba ba ta yi mini magana ba, sai jujjuya murfin kwalba take yi a hannu. Na ɗauka fushi ne.

Na kira yayana na ce ya sake samo mana likitar nan. Ya ce ai ya gaya mini tsarin yana da kyau. Na ce idan ya ƙara cewa tsari zan kashe wayar.

Washegari da hantsi aka sake haɗa mu da ita. Hajja ta sake shiga laffaya, ta sake cika kasko duk da hararar da nake yi mata. Na tsaya a jikin taga na ɗaga hannu. Bayan an gama zagayen gaisuwa, likitar ta ce, "Malama, ki ɗan goge gilashin wayarki, ba na ganin Mama sosai." Na goge da gefen zane. Ta ce har yanzu dishi-dishi. Na hura masa iska na sake gogewa. Ta ce ko sabis ne. Na ƙara ɗaga hannu har kafaɗata ta yi ƙara, ina tsine wa kamfanin waya a zuci. Sai ta matso da fuskarta, ta cire tabarau ta mayar.

"Tsaya. Wannan abin motsi yake yi. Hayaƙi ne? Wani abu yana ƙonewa a gidan?"

"Turare ne, likita."

"Duk wannan?"

"Duk wannan. Tun ranar da kika fara ganinta haka muke ciki, kullum ƙaruwa yake."

Ta dafe goshi. Ta ce ita tana can tana tunanin ko ciwon ya sauka huhu, ashe mai tari ce zaune a cikin hayaƙi. Ta ce da a ɗakin duba marasa lafiya muke, tun daga ƙofa hancinta zai gaya mata, amma waya ba ta kawo wari. Na ji daɗi a raina, na samu mai taya ni faɗa. Na buɗe baki zan zayyana mata zuwa kasuwa biyu da na yi, da sharrin da aka yi wa miyata, sai na ga ta zuba wa Hajja ido. Ta sassauta murya.

"Mama, turaren nan da ke ci yanzu, kina jin ƙamshinsa?"

Hajja ba ta ce alhamdulillahi ba. Ba ta ce da sauƙi ba. Ta kalli kaskon, ta kalli kwalaben da ke jere a kan akwati, sannan ta ce mini da Kanuri in kashe wayar. Ban kashe ba. Muka zauna haka, hayaƙi yana wucewa tsakaninmu, har likitar ta ɗauka kiran ne ya tsaya ta fara cewa, "Kuna ji na?"

"Ina jin ki," in ji Hajja. "Shi ne ba na ji. Tun ranar Litinin. Na sa hancina a kwalbar miski, kamar na sa shi a tulun ruwa."

Duk faɗan da na tanada ya zube. Kwana biyar tana zuba turare a wuta tana jira ko guda ɗaya zai amsa mata, ni kuwa ina tsaye a kanta ina zancen sauro. Na ji kunya, na kuma ji haushinta sabo fil, don da ta faɗa tun ranar farko da ba mu sha wannan wahalar ba. Amma wa za ta gaya wa? A unguwar da hancinta ne sunanta, faɗin haka daidai yake da ta ce ta rufe sana'a.

Likitar ta yi mata bayani a hankali. Ta ce mura takan yi haka, cikin hanci ya kumbura ya daina ɗaukar ƙamshi, abinci ma ya koma salam. Ta ce yawanci yana dawowa, wani cikin kwanaki, wani sai an yi makonni, ba za ta yi mata alkawarin rana ba. Amma hayaƙin nan ƙara fama ciwon yake, dole a fitar da kasko daga ɗakin. Ta kuma ce a wannan karon sai mun je asibitin da ke kusa a saurari ƙirjin a yi gwaji, don ita daga inda take ba ta da kunnen da za ta ɗora a bayan Mama.

Hajja ta ce, "Idan bai dawo ba fa?"

Likitar ta ce, "Mu ba shi lokaci tukuna, Mama."

Mun je asibitin da sassafe, Hajja ta rufe fuska da laffaya kamar mai gudun 'yan bashi, ko da yake babu wanda ya kula da mu. Aka ce ƙirjin bai kamu ba, hayaƙi ne ya fusata shi, aka ba ta maganin tari. Na fitar da kaskon na kai kicin. Kwana biyu ɗakin yana warin sabulu da man zafi kamar ɗakin kowa. Ta ce mini ko ba ta ji, ta san ɗakinta ya zama na marayu.

Saura kwana shida biki, itace a jiƙe, uwar amarya ta aiko a tambayi ko a turo a ɗauka ranar Laraba. Na ce wa Hajja mu faɗa musu gaskiya. Ta ce in ta mutu in faɗa. Sai ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa akuyar da ba a so amma ita kaɗai ta rage a kasuwa.

"Ke za ki zama hancina."

Ni da na gudu daga wannan sana'a tun ina 'yar sakandare. Ƙannena mata biyu sun koya, aure ya kai su nesa, ni kuwa na ce littafi zan riƙe, ba zan ƙare rayuwata ina warin hayaƙi ba. Na ce mata, "Hajja, ba a fafe gora ranar tafiya." Ta ce to a bar tafiyar ne?

A tsakar gida muka yi aikin. Na sa ta zauna can bakin ƙofa inda iska ke kaɗa hayaƙin nesa da ita, da takunkumi a fuska kamar yadda likita ta ce, tana zaginsa tana gyara shi. Awo duk yana kanta, wannan bai tafi da hancin ba. Ta ce zuba sukari kaza, jira ya yi danƙo, juya, sauke, kawo farcen turare, kawo kajiji, ɗiga wannan madarar sau bakwai. Matsalar tana zuwa ne wajen gwaji. In ɗebi kaɗan in sa a garwashi, in shaƙa, ita kuma ta zuba mini ido.

"Me kika ji?"

"Ƙamshi."

"Wane iri?"

"Mai daɗi."

Ta cire takalminta, na ɗauka jifa za ta yi. "Mai daɗi! Alewa ma mai daɗi ce. Shekara nawa kika yi a makaranta, kalma ɗaya kika samo? Sukarin ne ya fara zuwa ko itacen? Yana tsayawa a hanci ko yana gangarawa maƙogwaro? Bayan hayaƙin ya wuce, me ya rage?"

Na ce ban sani ba. Ta ce sake. Na sake, na rufe ido, na ce kamar sukarin ne a gaba, kuma akwai ɗan ɗaci a ƙarshe. Ta ce wutar ta yi yawa, a rage, a ƙara sandal. Haka muka yini uku. Kaina ya yi ciwo, idona ya yi ja, na yi kuka sau ɗaya a bayan ɗaki don takaici. Ta kira ni kurma, ta kira ni 'yar boko, ta ce an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ita tata barewar ko rarrafen ba ta iya ba. A rana ta uku na sa gwaji a wuta, na shafa gefen mayafina a hayaƙin, na jira ya huce kamar yadda ta koya mini, na shinshina. Na ce, "Hajja, wannan ƙamshin akwatinki ne, wanda muke ji idan kin buɗe za ki ciro mana kayan sallah." Ta ce a zuba a kwalabe.

Uwar amarya ta zo da kanta ranar Laraba. Aka sa mata kaɗan a kasko a tsakar gida, ta lumshe ido ta ce, "Wallahi irin na aurena ne sak. Hannun Hajja ba ya kuskure." Hajja ta yi murmushi ta ce Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya. Da matar ta fita na juyo ina jiran ko da rabin yabo. Sai na ga ta zauna a bakin gado tana kallon tafin hannunta.

"Yau na ba da abin da ban ji ba," ta ce. "Ko ya yi, ko kara ta yi mini, ban sani ba. Feroni, idan haka zan zauna, me ya rage nawa?"

Feroni, wato 'yata. Rabon da ta kira ni haka tun ina ƙarama. Na ce ta tashi ta sha magani.

Tari ya tafi, ƙarfi ya dawo, hanci shiru. Kullum da safe sai in gan ta ta buɗe kwalbar miski a ɓoye, ta kai fuska, ta rufe. Ta daina rigima, ta daina kushe miyata, abin da na kawo ta ci. Wannan shirun ya fi faɗan damuna. Hutun da na ɗauka a makaranta ya ƙare, na koma ina zuwa kullum bayan an tashi in yi mata girki in wuce Bolori.

Ranar da ta cika mako uku, yayana ya sake haɗa mu da likitar don a ji yadda ake ciki. Hajja ta ce ba ta da abin faɗa, in yi magana da ita ni kaɗai. Na riga na ɗora mai a wuta na zuba albasa lokacin da kiran ya shigo, kicin kuma babu sabis, sai na fito tsakar gida na tsaya kusa da bishiyar dalbejiya na ɗaga hannu. Kiran yana yankewa yana dawowa. Likitar tana cewa a ci gaba da haƙuri, a riƙa ba ta lemun tsami da kanumfari tana shinshinawa safe da yamma, idan aka ƙara makonni babu canji a kai ta wajen likitan hanci. Ina cewa to, to, ina tunanin yadda zan shiga ɗaki in sake gaya wa Hajja kalmar haƙuri.

Sai na ji murya daga cikin ɗaki, ta bayan labule, da ƙarfinta na da.

"Ke! Albasar nan ƙonewa take yi!"

Na tsaya da waya a sama. Daga ɗakin Hajja ba a ganin kicin, kuma ƙofar a rufe take. Likitar tana cewa, "Malama, kina ji na? Ya na ga kina kuka?" Ban motsa ba. Na bar albasar ta ci gaba da ƙonewa, ina so in sake ji.

Labulen ya yaye. Hajja ta fito ba ko takalmi, tana yamutsa fuska, tana kaɗa hannu a gaban hancinta.

"Tun ɗazu gida ya cika da ƙauri kina tsaye kina hira da waya. Wai ke ba ki da hanci ne?"